BAƘO RAƁA NE: LABARIN YAWON BUƊE IDO A DUNIYA

Kakanninmu sun san tafiya. Fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna su sayo goro, ayarin raƙuma ya ƙetare hamada da gishiri, 'yan ci-rani kuma su kan bar gida bayan kaka su nemo kuɗin haraji. Wani ya tafi neman ilmi, wani ziyarar ibada, wani gaisuwar mutuwa. Kowannensu da dalilinsa mai nauyi. Da a ce an gaya wa tsohon falke cewa wata rana mutum zai yi shekara yana tara kuɗi, ya shiga jirgi ya tafi ƙasar da ba shi da dangi ko ciniki a cikinta, don kawai ya kalli dutse ko ya kwanta a bakin teku mako biyu ya komo, da sai ya ce a nema wa mutumin nan magani.

To, ga shi yau irin wannan tafiya, wadda mu ke kira yawon buɗe ido, ta zama ɗaya daga cikin manyan sana'o'in duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukumar da ke ƙidaya baƙin da su ke ƙetare iyaka su kwana a wata ƙasa. A shekarar 1950 an ƙidaya miliyan 25. A 2012 suka wuce miliyan 1,000. A 2019 kuwa sun kusa miliyan 1,500. Watau cikin shekara 70 abin ya riɓanya kusan sau 60. A wannan shekara ta 2019, an kiyasta cewa cikin kowane mutum 10 masu aiki a duniya, ɗaya yana cin abinci ne ta dalilin matafiya.

Kuɗi mai yawa haka ba abin rainawa ba ne. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da amfani ga shuka, sai dai manomin kirki ba ya dogara da ita. Bari mu duba yadda sana'ar nan ta faro, da abin da ta yi wa gidajen mutanen da su ke karɓan baƙin.

YADDA ABIN YA FARO

A dā can, 'ya'yan masu arziki ne kaɗai a Turai su ke yawon ganin ƙasashe. Wanda ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne wani Baturen Ingila mai suna Thomas Cook. Kafinta ne, kuma mai wa'azi na ikkilisiyar Baftis, wanda ya tsani barnar da giya ke yi wa iyalai. Ran 5 ga Yuli, 1841, ya shirya da kamfanin jirgin ƙasa aka kwashi mutum wajen 500 daga garin Lesta zuwa wani gari mai nisan mil 11, domin su halarci taron masu yaƙi da shan giya. Kowa ya biya sule guda, zuwa da dawowa.

A nan Cook ya gane wani abu. Idan mutum ɗaya ya tara matafiya da yawa, ya yi ciniki da mai jirgi da mai masauki a madadinsu, sai kuɗin kowa ya ragu, tsoron hanya kuma ya gushe. A 1855 ya ƙetare da mutane zuwa sauran ƙasashen Turai. A 1869 ya kai su Masar da Ƙasa Mai Tsarki. A 1872 ya fita da ayari domin zaga duniya duka. Har yau wannan dabara ce a ke bi: ka biya kuɗi dunƙule tun daga gida, a ɗauke maka jirgi da masauki da abinci.

Abu uku ne suka mai da wannan ƙaramar sana'a ta zama kogi. Na fari, hutu da albashi. A 1936 Faransa ta yi doka cewa kowane ma'aikaci zai sami hutun mako biyu a shekara ba tare da an yanke masa kuɗi ba, Ingila kuma ta yi tata dokar a 1938. Na biyu, jirgin sama mai sauri. Daga 1958 manyan jirage masu injin jet suka fara ƙetare teku da fasinja, a 1970 kuma jirgin Boeing 747, mai ɗaukar mutum sama da 300, ya fara aiki. Tafiyar da jirgin ruwa ke yi a mako sai ta koma ta sa'o'i kaɗan. Na uku, arziki ya yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Mutanen Sin, waɗanda a dā da ƙyar su ke fita, sun yi tafiya waje sama da sau miliyan 150 a 2019. A zamanin nan kuma intanet ta sa mutum yana zaune a ɗakinsa ya sayi tikiti ya kama masauki da wayar hannunsa.

ƘASA ƘARAMA, BAƘI DA YAWA

Domin mu ga abin da wannan kogi ke yi idan ya malalo cikin ƙasa, bari mu ɗauki misalin Gambiya, a nan Afirka ta Yamma. Ƙasa ce siririya da ke bin gaɓar kogi, Senegal ta kewaye ta, sai ɗan bakin teku a yamma. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Ba ta da man fetur da ta ke sayarwa, gyaɗa ce babbar hajarta tun zamanin Turawa.

A 1965, shekarar da ta sami mulkin kai, wani mutumin Suwidin mai suna Bertil Harding ya kawo mutanen ƙasarsa wajen 300 su sha rana. Dalili kuwa a fili ya ke. Lokacin da sanyi da duhu su ke rufe arewacin Turai, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin ne Gambiya ke da rana mai daɗi ba ruwan sama. Daga Landan tafiyar sa'a shida ce a jirgi, kuma ana jin Turanci. Sannu a hankali mutanen Ingila da Holan da Jamus suka biyo baya. A 1976 kuma wani Baƙar fatar Amurka, Alex Haley, ya wallafa littafi mai suna Roots, inda ya ce daga ƙauyen Jufure na Gambiya aka kama kakansa aka sayar bawa. Sai jikokin bayi daga Amurka suka riƙa zuwa ganin ƙauyen. Kafin 2019 baƙin da ke sauka ta jirgin sama sun wuce 200,000 a shekara.

Kada mu ƙi faɗin alherin da aka samu. An gina otal-otal a bakin teku, an gyara hanyoyi da filin jirgin sama. Dubban matasa sun sami aiki: masu dafa abinci, masu gyaran ɗaki, direbobi, masu gadi, masu wanki. Bayan su akwai mata masu sayar da 'ya'yan itace, da masu rini, da masassaƙa, da masunta, da maɗinka. A ƙasa irin tamu, albashin mutum ɗaya ba nasa ba ne shi kaɗai. Yarinyar da ke share ɗaki a otal mai yiwuwa ita ke biya wa ƙannenta uku kuɗin makaranta, ita ke saya wa tsohuwarta magani.

INA KUƊIN YA KE TAFIYA?

Amma a nan ne ya kamata mai hankali ya buɗe ido. A ce Bature ya biya fam 1,000 domin hutun mako biyu. A ina ya biya? A Landan. Kamfanin da ya shirya tafiyar ya cire rabonsa a can. Jirgin da ya kawo shi na Turai ne, kuɗin jirgi kuwa shi ne kaso mai tsoka. Otal ɗin da ya sauka sau da yawa na baƙi ne, ko kuwa da bashin waje aka gina shi. Abincin da ya saba ci, da abin sha, da na'urar sanyaya ɗaki, da man injin lantarki, yawancinsu daga waje a ke sayo su. Saboda haka kuɗin ya kan zama kamar ruwan da aka zuba a kwando: ya jiƙa kwandon, amma kaɗan ne ya tsaya.

Akwai kuma wani tsari da a ke biyan kome da kome tun daga gida, har da abincin rana da na dare da abin sha. Baƙon da ya riga ya biya haka ba shi da dalilin fita ƙofar otal. Mai tuwo a bakin titi da direban tasi da mai sayar da mangwaro sai dai su hange shi ta katanga. Kukan ya yi yawa har gwamnatin Gambiya ta hana wannan tsari a 1999. Manyan kamfanonin Turai ba su ji daɗi ba, ba a daɗe ba kuwa aka janye dokar. Wannan ya nuna mana wanda ke riƙe da akalar raƙumin. Mai kawo baƙi yana iya juya jirginsa zuwa wata ƙasa mai rana gobe da safe, amma mai masauki ba ya iya ɗauke bakin tekunsa ya bi shi.

Duk da haka ƙananan 'yan kasuwa ba su naɗe hannu ba. Masu sayar da 'ya'yan itace da masu jagorar baƙi da masu sana'ar hannu sun kafa ƙungiyoyi, suka tsara farashi da layi, suka daina rububin baƙo guda. An kuma yi shirin haɗa masu lambu da otal-otal, domin tumatir da albasa da latas su fito daga gonar ƙasa maimakon jirgin ruwa. Kuɗin da ya bi ta waɗannan ƙananan hanyoyi shi ne ya fi isa tukunyar talaka.

RANA TA FITO, RAƁA TA BUSHE

Babban haɗarin sana'ar nan shi ne, baƙo ba ya zuwa dole. Ƙaramin tsoro ya ishe shi ya fasa. A Yulin 1994 soja suka hamɓarar da gwamnatin Dawda Jawara, gwamnatin Ingila ta gargaɗi mutanenta kada su je, otal-otal suka rufe, aka sallami ma'aikata. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya. Ba a sami ko mutum ɗaya da ita a Gambiya ba, amma ga wanda ke zaune a Turai Afirka duk gari ɗaya ce, sai baƙi suka ƙaurace. A Janairun 2017, da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, aka aiko jirage suka kwashe dubban baƙi a tsakiyar kakar ciniki.

Sa'an nan a Satumban 2019 kamfanin Thomas Cook kansa, bayan shekara 178, ya karye saboda bashi. Mutanen Ingila wajen 150,000 suka maƙale a ƙasashe dabam dabam, sai da gwamnatinsu ta yi hayar jirage ta komo da su. Kamfanin nan kuwa yana cikin manyan masu kai baƙi Gambiya, ya kuma faɗi ana saura 'yan makonni a buɗe kaka. Ba a gama farfaɗowa ba sai annobar korona ta rufe iyakokin duniya a Maris 2020. A wannan shekara matafiya a duniya duka suka ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, suka koma wajen miliyan 400, aka kuma kiyasta ayyuka miliyan 62 sun salwanta. Sai a 2024 ne lissafin ya komo wajen miliyan 1,400. Ku lura fa, cikin dukan masifun nan babu wadda mai gyaran ɗaki ko mai sayar da lemo ya jawo, amma su ne suka fara kwana da yunwa.

Ba Gambiya kaɗai ba ce. Maƙwabtanmu na Agadas a Nijar sun ɗanɗana. A dā jirage su kan zo daga Faransa da masu son ganin duwatsun Azbin da hamada da tsohon masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya. Tawayen 2007, da sace ma'aikatan ma'adinai a Arlit a 2010, suka tsinke wannan hanya. Maƙeran azurfa suka rasa masu saye, direbobi da yawa da suka san hamada kuma suka koma jigilar masu neman ƙetarawa Libiya. Haka kuma Baitalami, inda iyalai da yawa ke rayuwa da sassaƙar itacen zaitun da saukar da masu ziyarar ibada. Da yaƙi ya tashi a Oktoban 2023, masaukai suka zama kango, har aka soke shagulgulan Kirsimati na wannan shekara.

ABIN DA YA SHAFI 'YA'YA

Akwai wata hasarar da ba ta shiga littafin akawu, ita ce kuwa ta fi damun iyaye. Yaron da ya bi Bature a bakin teku ya sami a yini guda abin da ubansa ba ya samu a mako a gona, yaya za a shawo kansa ya zauna a aji? A Gambiya akwai samari da yawa da ba su da wata sana'a sai bin baƙi, suna fatan wani ya ba su kyauta ko ya kai su Turai. Shekarun koyon sana'a su wuce, baƙon ya koma gida, a bar saurayi ba karatu ba garma.

Abin da ya fi wannan muni, a cikin baƙi akwai waɗanda ba rana ce ta kawo su ba. Su kan zo da kuɗi su nemi lalata da matasa, har da ƙananan yara, suna yin abin da ba su isa su yi a ƙasarsu ba. Sau da yawa su kan fara ne da nuna alheri ga iyali: kuɗin makaranta, buhun shinkafa, wayar hannu. Talauci kuwa ya kan rufe bakin da ya kamata ya yi magana. A 2003 Gambiya ta yi doka ta musamman mai hukunta irin waɗannan laifuffuka da ɗauri. Doka tana da kyau, amma ɗan sanda ba ya kwana a gidan kowa. Uwa da uba ne masu gadin farko.

HAR MASU ARZIKI SUNA KUKA

Kada a ɗauka matalauta ne kaɗai ke jin jiki. Birnin Benis na Italiya, wanda aka gina a kan ruwa, yana karɓan miliyoyin baƙi kowace shekara. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai wajen 175,000. A 2022 ba su kai 50,000 ba. Dalili ɗaya babba shi ne, mai gida ya ga ba baƙo haya na kwana uku ya fi masa riba da ba iyali haya na wata. Kuɗin haya ya tashi, shagon burodi ya koma shagon tsaraba, masu 'ya'ya suka tashi. A 2021 aka hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar birnin, a 2024 kuma aka fara karɓan yuro 5 daga masu zuwa yini guda a ranakun cunkoso. A wannan shekara ce mutanen Basalona a Sifen suka fita zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa, magajin garin kuma ya yi shelar soke izinin gidajen hayar baƙi wajen 10,000 kafin ƙarshen 2028.

INDA MAI GIDA YA RIƘE AKALA

To, ashe sai a rufe ƙofa ke nan? A'a. Ƙasar Ruwanda ta nuna wata hanya. A duwatsunta akwai wani irin gwaggon biri da a ke kira gorilan dutse, wanda ya kusa ƙarewa a duniya. Maimakon ta tara jama'a da araha, sai ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da tsada. A 2017 ta mai da kuɗin izinin ganinsu dala 1,500. Mutum takwas kaɗai a ke bari su ziyarci garke ɗaya a rana, su yi sa'a guda su tashi. Daga 2005 aka fara ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandun dajin domin ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 aka ƙara zuwa kashi 10. Da shi a ke gina azuzuwa da ɗakunan magani da tankunan ruwa. Mutumin da ɗansa ke karatu a ajin da biri ya gina ba zai ɗana wa birin tarko ba. A 2018 aka sanar cewa yawan dabbobin nan a duniya ya haura 1,000.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Mu ma muna da abin nunawa. Akwai gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da giwayensa da ruwan ɗumi na Wikki. Akwai bikin kamun kifi na Argungu da ya faro a 1934, wanda shi ma ya yi wajen shekara 10 ba a yi ba kafin a sake shi a 2020. Akwai hawan salla na Kano da Katsina da Zariya, da duwatsun Filato. Idan Allah ya ba mu zaman lafiya baƙi za su zo, gama ba wanda ke kai kuɗinsa inda ya ke tsoron ransa.

In sun zo, ga abin da labarin Gambiya ya koya mana. Wanda ya sami aiki a otal ya riƙe shi da gaskiya, amma kada gida ya sayar da gona ko ya watsar da sana'ar gado saboda shi. A lokacin ciniki a yi ajiya, a shiga adashi, domin rani yana tafe. Masu ƙananan sana'a su haɗa kai, gama baƙo ya fi sakin jiki da saye inda ba a rububinsa. Kada a fitar da yaro daga aji don ya bi baƙi. Kyautar da baƙo zai yi wa yaro ta bi ta hannun iyaye ko makaranta, kuma kada a bar yaro ya shiga masaukin baƙo shi kaɗai, kome alherin da baƙon ya yi wa gidan. Sarakuna da shugabannin jama'a kuma, kafin a ba da fili ko rafi domin gina masauki, su tambaya a rubuce: wane ne zai sami aiki, daga wace gona za a sayi abinci, nawa ne rabon gari?

Wata rana kuma mu ne baƙin, ko a Yankari tare da yara lokacin hutu, ko a Urushalima da Baitalami wajen ziyarar ibada. Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuma ya kori ji. Sai mu tuna cewa wurin da mu ke kallo gidan wani ne. Mu nemi izini kafin mu ɗauki hoton mutum. Mu saya daga hannun wanda ya yi abin da kansa, kada mu matse shi a ciniki har ya sayar da hasara. Mu kwashe sharar da muka tara, mu gai da mai share mana ɗaki da sunansa. Shi ma yana da 'ya'ya a gida da ke jiran abin da zai kawo.